Makaɗa Goma a Akwati Ɗaya: Sake Sauraron Kiɗan Sangaya

Duk wanda ya yi wayo a Kano a gaɓar 1999 da 2000 ya san Sangaya, ko da bai taɓa zama ya kalli fim ɗin ba. Waƙar ta bi gari lungu-lungu. Ana jin ta a shagunan masu sayar da kaset a Ƙofar Wambai, ana jin ta a motar haya da gidan biki, 'yan mata na rera ta a tsakar gida suna wanke-wanke. Kamfanin Sarauniya ne ya shirya fim ɗin, Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni, Ali Nuhu ya fito a ɗan sarki, Fati Muhammad kuma ta fito a Zubaina, yarinyar da ke hidima a gidan sarauta. Soyayyar ɗan sarki da 'yar talaka tsohon labari ne, tatsuniya ma ta san shi. Kiɗan ne sabon abu, shi ne kuma ya kama mutane.

Fiye da shekara 20 ke nan, ƙura ta lafa, ana iya yin hisabi ba tare da zafin rai ba. Mu dai a ganinmu kiɗan Sangaya ya yi wa matasan Hausa babban alheri, ya kuma jawo asarar da har yau ba mu zauna mun lissafa ba. Alherin da asarar daga tushe ɗaya suka fito, wato akwatin nan da muke kira fiyano.

Yadda akwati ya shigo

Fim ɗin Hausa na bidiyo ya faro ne da Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990. A shekarun farko, mai shirya fim da ke son kiɗa yakan nemi makaɗa na jini da tsoka. Ƙungiyar Koroso ta Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano na cikin waɗanda aka riƙa nema, da sarewarsu da dumansu da lalajo. Sai ƙananan fiyano na Casio suka fara shigowa hannun samari, masu sauti siriri kamar na abin wasan yara. A rabin ƙarshe na shekarun 1990 al'amarin ya sauya, lokacin da situdiyo irin ta Iyan-Tama suka kawo fiyanon Yamaha samfurin PSR. A wancan zamanin Sabon Titi na Mandawari, a tsakiyar birni, shi ne matattarar 'yan fim, kafin harkar ta karkata zuwa titin Gidan Zoo.

Wannan fiyano rumbu ne na muryoyi. An ɗauki sautin kayan kiɗa iri-iri an adana a cikinsa, mai kaɗawa sai ya danna lamba ya zaɓi wanda yake so. Yana da ganguna da ke maimaita kansu ba gajiya, yana kuma iya riƙe abin da aka kaɗa a ɗora wani a kansa. Injiniyoyin Japan da suka ƙera shi ba su san sarewar Fulani ba, ba su san kalangu ko bandiri ba. Samarin Kano ne suka zauna suna laluben ɗaruruwan muryoyin nan ɗaya bayan ɗaya, har suka gano waɗanda suka yi kama da na gida: wannan busa ta yi kusa da sarewa, wannan ganga in an sassauta ta za ta wuce a matsayin kalangu, wannan kacau-kacau zai tsaya a madadin bandiri. Irin wannan lalube ne ya haifi kiɗan Sangaya, kuma shi ne ainihin fasahar da ke cikinsa. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa a kan wannan juyi, kuma ya sa Sangaya a gaba cikin finafinan da suka tabbatar da shi.

Abin da kunne ke ji

In muka saurari waƙar yau da kunnen natsuwa, abu uku ne ke fitowa. Na farko shi ne cika. Kunnen Bahaushe ya saba da mawaƙi da kayan kiɗa iri ɗaya: Shata da kalangu, Ɗan Maraya Jos da kuntigi, Ɗankwairo da kotso, Barmani Choge da ƙwarya. A nan sai ga busa da ganga da wani sauti mai shimfiɗa a ƙarƙashi duk a lokaci guda, kamar an tara makaɗa goma a ɗaki ɗaya. Na biyu shi ne musayar baiti tsakanin mace da namiji. Nan ne masu suka suka ce an kwaso Indiya, kuma akwai gaskiya a maganarsu, domin Kano ta shafe shekaru tana kallon finafinan Indiya a silima da talabijin. Sai dai wanda ya san waƙoƙin gaɗa da na dandali ya san cewa jefa magana da mayar da ita cikin waƙa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sangaya ta yi nasara ne saboda ta tsaya a inda hanyoyin biyu suka haɗu, ɗan birni ya ji Indiya, kakarsa ta ji gaɗa.

Na uku shi ne abin da babu. Gangar fiyano ba ta numfashi. Daga farkon waƙa zuwa ƙarshenta gudunta ɗaya, nauyinta ɗaya. Makaɗin kalangu na gaske yana matse tsarkiya a hammata, sautin ya hau ya sauka yana bin hawa da saukar muryar Hausa, shi ya sa muke cewa kalangu na magana. Yana sauraron mawaƙi, in mawaƙi ya ja baiti ya jira shi, in ya zabura ya bi shi. Fiyano kuwa an gina shi ne a kan matakan sauti 12 na kiɗan Turai, kowane a tsaye a wurinsa, abin da ke tsakanin mataki da mataki sai an yi dabara. A wannan tsakanin ne goge ke kuka, a nan ne algaita ke lanƙwasa. Don haka mawaƙin fiyano shi ke bin akwati, akwati ba ya bin sa. A waƙar soyayya mai rawa irin Sangaya wannan rashi bai yi ciwo ba, har ma ya taimaka wa masu rawa su daidaita taku. Ciwon ya bayyana ne daga baya, da aka ce kowace irin waƙa sai ta bi ta wannan ƙofa.

Wasu samari a Finland

A daidai waɗannan shekaru, a wani ƙaramin gari mai suna Kitee a gabashin Finland, wasu samari na fama da irin wannan matsala. A 1996 Tuomas Holopainen, wanda shi ma makaɗin fiyano ne, ya kafa ƙungiyar Nightwish tare da Emppu Vuorinen mai jita da Tarja Turunen, wadda ta koyi waƙar gargajiyar Turai a makarantar Sibelius. Nau'in kiɗan da suka shahara da shi ana kiran sa simfonik metal. Ma'anarsa a taƙaice: a ɗauki jita mai lantarki mai kururuwa da ganguna masu dukan ƙirji, a haɗa su da okestira, wato babbar tawagar makaɗan gargajiyar Turai mai gogaye da ƙahonni da tambura, wadda kan kai mutum 50 ko fiye. Kiɗan samari masu tawaye ne aka aurar wa kiɗan manyan ɗakunan taro.

Da farko ba su da kuɗin ɗaukar tawaga. A faifansu Oceanborn na 1998, yawancin abin da kunne ke ɗauka okestira ce daga fiyanon Holopainen yake fitowa. Dabararsu da ta samarin Sabon Titi ɗaya ce: a sa akwati ya yi aikin taron mutane. Ko musayar murya tsakanin mace da namiji suna yi, musamman bayan Marko Hietala ya shigo da muryarsa mai kaushi. Inda hanya ta rabu shi ne abin da aka yi da ribar farko. A faifan Century Child na 2002 sun ɗauko tawagar makaɗan birnin Joensuu. A 2004 suka tafi Landan suka ɗauki faifan Once da cikakkiyar okestira da 'yan amshi, Pip Williams ya tsara wa kowane makaɗi abin da zai kaɗa. Faifan ya hau saman jerin ciniki a Finland da Jamus, kuma waƙar Ghost Love Score da ke cikinsa, mai tsawon kusan minti 10, ta zama abin da ake auna sauran ƙungiyoyi da shi. A Amurka ma, a 1999, ƙungiyar Metallica ta hau dandamali tare da okestirar San Francisco ƙarƙashin jagorancin Michael Kamen.

Ba mu kawo wannan don mu ce na Turawa ya fi ba. Masu suka a can ma sun ce okestira kan zama ado kawai, a lulluɓe raunin waƙa da yawan gogaye, kuma nasarar Once ba ta hana ƙungiyar rabuwa da Tarja Turunen a Oktoban 2005 ta hanyar buɗaɗɗiyar wasiƙa ba. Abin lura ɗaya ne. A wurinsu fiyano tsani ne da aka taka aka kai ga makaɗa masu rai. A wurinmu, da kuɗi ya shigo, sai aka sayi fiyano mafi girma, daga baya aka koma kwamfuta.

Tawagar da ke cikin ganuwa

Abin da ya sa wannan ke da zafi shi ne Kano ba ta rasa tawaga ba. Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su, tare da gina Gidan Rumfa da kafa Kasuwar Kurmi. Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya san nauyin sautin da ke fita daga wannan gida. Kakaki na tsaga iska da dogon wuyansa na ƙarfe. Mai algaita na cika kumatu, yana shaƙar iska ta hanci yana busawa ta baki, sautin bai yanke ba. Tambari na bugawa daga ƙasa har a ji shi a ciki, ga farai, ga ganguna, ga masu kirari, ga bindigogi. In ana neman kiɗa mai nauyi da girma, wanda ke cika fili yana razana zuciya, abin da samarin Finland suka tafi Landan nema ke nan, mu kuwa ga shi a tafiyar ƙafa daga Mandawari. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke taƙama da su.

Sangaya labarin gidan sarauta ne, amma waƙar da ta ɗaga shi daga akwati ta fito. Kafin mu ɗora wa kowa laifi, sai mu faɗi dalilan. Tambari da kakaki kayan sarki ne, ba a ɗaukar su haya a kai situdiyo don saurayi ya roƙi budurwa. Wannan ƙa'ida ce mai tushe, ba mu kuma ce a karya ta ba. Na biyu, kuɗi. Mai shirya fim da ya tattara jarinsa daga 'yan'uwa da abokai zai biya mutum ɗaya ya kaɗa masa waƙa cikin yini guda, maimakon ya tara mutum goma, ya ciyar da su, ya sallame su. Na uku, kayan aiki. Ɗaukar makaɗa da yawa a lokaci ɗaya na buƙatar ɗaki mai kyau da makirfo da dama da wanda ya iya daidaita su, fiyano kuwa waya ɗaya ake soka masa. Waɗannan dalilai sun isa uzuri a 1999. Sai dai sarewa da goge da kukuma da garaya da gurmi da duma da kalangu da shantu ba kayan sarki ba ne, kuma uzurin kuɗi ya daɗe da raunana.

Yadda gari ya karɓe ta

Kasuwa ce ta fara yanke hukunci. Sangaya ya yi cinikin da ya sa 'yan kasuwar kaset suka gane cewa waƙa ke sayar da fim. Daga nan mai shirya fim da ya kawo aikinsa ba rawa da waƙa sai ya sha tambaya. Aka shiga fitar da kaset na waƙoƙin fim daban, yana yi wa fim ɗin talla tun kafin ya fito. Mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya kafa a 1999 da mujallar Tauraruwa, wadda a shafukanta aka raɗa wa masana'antar suna Kannywood, suka zama dandalin muhawara: masu cewa an lalata al'ada da masu cewa zamani riga ne.

Hukuma ma ta shigo. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000, gwamnati ta dakatar da harkar fim a ƙarshen shekarar, sannan aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Rawar mace da namiji tare na cikin abubuwan da aka fi nuna wa yatsa. Ba Sangaya kaɗai ya jawo wannan ba, amma salon da ya yaɗa shi ne a tsakiyar rigimar. Abin mamaki, duk wannan muhawara a kan ido aka yi ta: me aka sa, wa ya taɓa wa, ina aka kwaikwayo. Da wuya ka ji wanda ya tsaya a kan kunne, ya tambayi me ya sami sautin kansa. Malamai sun damu da tarbiyya, 'yan boko sun damu da Indiyanci, makaɗan gargajiya kuwa, waɗanda abin ya fi shafa, ba su da mujalla.

Akwai kuma rashin adalcin da aka yi wa masu fasahar kansu. Jama'a sun san waƙar da fuskokin jaruman da suka motsa baki a kanta. Wanda ya rubuta, da waɗanda suka rera, da wanda ya kwana yana laluben muryoyi a fiyano, suna bayan labule. Tsarin kasuwar shi ne a biya ka sau ɗaya, kome kaset zai yi ciniki ba ruwanka, masu kwafi kuma su kwashe sauran. Sai da aka ɗauki shekaru kafin mawaƙan fim irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef suka fito da sunansu a gaban faifai, mutane suka saya don su.

Alherin da ba za mu musa ba

Wanda zai yi kukan abin da aka rasa, wajibi ne ya fara faɗin abin da aka samu. A tsarin da muka gada, kiɗa sana'ar gado ce, kuma ana kallon mai yin ta a matsayin maroƙi. Ɗan malam ko ɗan attajiri a cikin birni da ya rataya kalangu ya jawo wa gidansu magana, har aurensa na iya samun tangarɗa. Fiyano bai da wannan tambari a goshi. Na'ura ce, kamar kwamfuta, mai taɓa ta ana ce masa ya iya aiki. Ta wannan ƙofa dubban matasa da ba su gaji kiɗa ba suka shigo, mata suka sami wurin rera waƙa a situdiyo ba tare da sun tsaya a gaban taron maza ba.

Sannan an sami sauyin abin da ake yi wa waƙa. Yawancin manyan waƙoƙinmu na da ubangida: sarki, attajiri, ɗan dambe, manomi, ɗan siyasa. Waƙar soyayya ta wanzu, amma ba ita ce a tsakiyar fage ba. Sangaya da 'yan'uwanta suka ce abin da ke zuciyar saurayi da budurwa ya isa a yi masa kiɗa mai cika, ba sai an ambaci sunan wanda zai ba da kyautar mota ba. Alhaji Mamman Shata ya rasu a Yunin 1999. Ba Sangaya ce ta rufe zamaninsa ba, amma haɗuwar lokutan biyu ta sa mutane da yawa suka ji kamar an miƙa sanda daga hannu zuwa hannu.

Gadon da ta bari

Salon da muke kira nanaye daga nan ya yi rassa. Ya shiga waƙar biki, ya shiga tallar kaya a rediyo, ya mamaye waƙar siyasa, ya shiga har bege, inda aka yi ta jayayya a kan halascin yabon Annabi da fiyano a garin da ya saba da bandirin Ƙadiriyya na Kabara. Da manhajar gyaran murya ta zo, sai muryar mawaƙi ma ta koma bin matakan akwati, ta ɗauki wannan ƙarar ƙarfe da kowa ya sani. Sautin ya ƙetare iyaka. Mdou Moctar, makaɗin jita Buzu daga Nijar wanda yau ke cika ɗakunan taro a Turai da Amurka, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da irin wannan gyaran murya na waƙoƙin fim ɗin Hausa, kuma ta wayoyin hannu waƙoƙin suka bazu a Sahara. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar da tarin waƙoƙin finafinan Hausa mai suna Harafin So. Abin da aka raina a gida ya zama abin nema a waje.

Reshen da ya fi ba mu tunani shi ne wanda ya koma fada. Aminu Ladan Abubakar, Alan Waƙa, ya nuna cewa ana iya ɗora Hausa mai zurfi da tarihi da kirarin sarauta a kan kiɗan situdiyo. A Disambar 2018 Sarki Muhammadu Sanusi II ya naɗa Naziru M. Ahmad Sarkin Waƙar Sarkin Kano. Akwatin da aka fara lalube a Sabon Titi ya shiga Gidan Rumfa da rawani. Yau in ka ji waƙar sarauta a waya, sau da yawa algaitar da ke cikinta ta kwamfuta ce, alhali mai algaitar gaske na nan da ransa a cikin birni. A nan uzurin farko ya faɗi, domin waƙar sarki ce, ba abin da zai hana kayan sarki shiga cikinta in an nemi izini ta hanyar da ta dace.

Asarar ba ta tsaya a daɗin kunne ba. Sana'ar gado tana rayuwa ne in ɗa ya ga uban na ci da ita. In biki ya koma hannun mai kunna waƙa da lasifika, waƙar siyasa ta koma situdiyo, abin da ya rage wa makaɗi shi ne Sallah biyu a shekara da naɗin sarauta jefi-jefi. Yaron da ya ga haka zai nemi babur ɗin haya. In ya tafi, ba hannu kaɗai aka rasa ba. An rasa take, wato kiɗan da ke kiran kowane basarake da kowace sana'a da sunanta, an rasa wanda ya san fatar da ta dace da kotso da wanda ya iya ƙera bakin algaita. Waɗannan ba a rubuce suke ba, a ƙwaƙwalwa da yatsu suke.

Hukuncinmu

Kiɗan Sangaya aiki ne na basira da aka yi da abin da ke hannu, kuma ya cancanci matsayinsa. Laifin ba na waɗanda suka yi shi ba ne. Na waɗanda suka biyo baya ne, da suka mayar da dabarar mai ƙaramin ƙarfi ta zama ƙa'ida ko bayan ƙarfi ya samu. Mawaƙin da ke karɓar miliyoyi a waƙar siyasa ɗaya ba zai ce biyan mai goge da mai kalangu ya fi ƙarfinsa ba.

Ba sai mun duba Finland kaɗai ba. Youssou N'Dour na Senegal ya fitar da faifan Egypt a 2004, waƙoƙin yabon shehunan ɗariƙun ƙasarsa, tare da tawagar makaɗan Masar ƙarƙashin Fathy Salama, ya kuma ci kyautar Grammy da shi. Toumani Diabaté na Mali ya zauna da korarsa a gaban okestirar Landan. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya, inda ake adana kayan kiɗan gargajiya ana koya wa matasa. Duk waɗannan maƙwabtanmu ne, Musulmi ne, kuma ba su fi mu kayan gado ba.

Abin da ya rage a Kano aiki ne da aka san masu yin sa. Mawaƙan da suka yi suna su ware wa makaɗa masu rai wuri a faifansu, su rubuta sunayensu, su biya su kuɗin aiki maimakon kyautar roƙo. Masu situdiyo su koyi ɗaukar ganga da busa kamar yadda suka koyi manhaja. Masarauta da Hukumar Tarihi da Al'adu da Jami'ar Bayero su ɗauki taken da ke bakin dattawan makaɗa tun suna raye, da sunan kowane take da wanda ake yi wa shi. Mu masu sauraro kuma, da muke tura waƙa daga waya zuwa waya, mu fara tambayar wa ya kaɗa, kamar yadda muke tambayar wa ya rera.

Ba muna kiran a jefar da fiyano ba ne, ya riga ya zama ɗan gari. Samarin 1999 sun saurari akwati har suka jiyo sarewa a cikinsa, wanda ke nuna sarewar suke nema tun farko. Faifan da zai gaji Sangaya da gaske shi ne wanda zai zaunar da mai fiyano da mai sarewa a ɗaki ɗaya, kowa ya saurari ɗan'uwansa, a kuma sallami kowa da hakkinsa.